Kafin ku ce Parkinson ce, ku zazzage ledar magunguna

Ƙannena masu shigowa aikin lafiya, idan aka kawo muku mutum hannunsa na karkarwa, ko jikinsa ya sandare, ko yana jan ƙafa in zai yi tafiya, ku fara tambayar maganin da yake sha. Ku sa a zazzage ledar a gabanku, ku karanta kowane kwali da idonku. Na daɗe ina aiki kafin wannan ya zame mini jiki, kuma marasa lafiya ne suka ɗanɗana kuɗar jinkirina.

A can cikin ƙwaƙwalwa akwai curin ƙwayoyin jijiya da ake kira basal gangiliya. Su ke ba motsi izinin farawa da tsayawa, su kuma daidaita ƙarfinsa. Aikinsu ya rataya ne a kan sinadarin dofamin, wanda ke zuwa daga wani ɗan wuri mai baƙin launi a ƙarƙashinsu, sabstanshiya nigra. Cutar da James Parkinson ya bayyana a Landan a 1817 tana tasowa ne idan ƙwayoyin wannan wuri suna mutuwa sannu a hankali. To amma akwai magungunan da ke toshe ƙofar da dofamin ke shiga alhali ƙwayoyin suna nan da ransu, sai alamomin su fito kusan iri ɗaya.

An taɓa kawo mini wata dattijuwa, fuskarta ba walwala, takunta gajere, hannuwa biyu duk sun yi tauri. Nan take na yanke hukunci cewa Parkinson ce, aka ɗora ta a kan Artane, maganin rage tauri da karkarwa. Ba a jima ba ta fara ruɗewa, bakinta ya bushe, ta daina gane jikokinta da dare. Sai da 'yarta ta ce, “Likita, shi wannan na tashin zuciyar ta ci gaba da shi?” Ashe watanni ta yi tana shan metokulofuramaid, wanda aka fi sani da Maxolon ko Plasil. Alamar tana gabana tun farko: Parkinson ta gaskiya ta fi farawa ta ɓangare ɗaya na jiki, tata kuwa ta kama dama da hagu daidai wa daida. Da aka tsayar da magungunan biyu hankalinta ya dawo, taurin kuma ya ɗauki makonni yana saki. Ba banza ba hukumar kula da magunguna ta Tarayyar Turai ta taƙaita shan wannan magani zuwa kwana 5 tun 2013.

Wanda ya fi ci mini rai wani saurayi ne mai taɓin hankali da ke kan halofaridol. Ya kasa zama, ya tashi ya zauna, yana ta safa da marwa. Na ɗauka ciwonsa ne ya tashi, na ƙara masa magani, abin ya ninka. Sunan wannan hali akatisiya, maganin ne ke haddasa shi, kuma azabarsa kan kai wasu ga tunanin kashe kansu. Da na zauna na ce, “Malam, me kake ji a ƙafafunka?” da ya gaya mini. Rage maganin ake yi ko a sauya shi, wani lokaci a haɗa da furofaranolol.

Haka nan matashin da wuyansa ya murɗe, idanunsa suka kafe sama bayan allurar amai, ba zazzaɓi: ku tuna da magani kafin ku ce sanƙarau, don allurar da ta dace kan sake shi cikin mintuna. Wanda kuma ya shekara da shekaru kan maganin taɓin hankali, bakinsa na tauna ba komai ciki, harshe na fitowa, Artane ƙara masa matsalar yake yi.

Idan kuwa Parkinson ɗin ce da gaske, lebodofa, wadda jiki ke mayarwa dofamin, ita ce ginshiƙin magani tun aikin George Cotzias a 1967. Ku ba shi a kan lokacinsa ko da an kwantar da shi don wani ciwo dabam, kada a yanke masa kwatsam, domin hakan kan jawo tauri mai tsanani da zazzaɓi mai iya kisa. In ya yi amai, ku nisanta shi da Maxolon da halofaridol, ku nemi shawarar likitan jijiya kan abin da za a ba shi.