Ƙannena Masu Son Ilimin Halittu, Kada Ku Saki Lissafi

Lokacin da nake lise, wato babbar sakandare, a nan Damagaram, na ɗauki ilimin halittu a matsayin hadda: sunayen ƙasusuwa, sassan fure, zagayen jini. Lissafi kuwa riƙon sakainar kashi na yi masa, ina neman makin da zai tsallakar da ni jarrabawar bak ta kammala lise kawai, domin a ganina mai son aikin jinya ba ruwansa da shi.

Na gane kuskurena ne a wani rani, ina aiki a wani ƙaramin asibitin karkara, da ƙyanda ta ɓulla. Makon farko yara 3 aka kawo, na biyu 7, na uku 15. Ina rubuta su a rajista hankalina kwance, ina ganin ƙari ne kaɗan-kaɗan, alhali ninki ne. Da na iya karanta waɗannan lambobi, da tun mako na biyu na matsa wa magabatana lamba a kawo rigakafi. Har yau abin yana ci mini rai.

Daga baya na koyi cewa mai ƙyanda ɗaya yana iya harbin mutum 12 zuwa 18 inda ba a yi rigakafi ba. Idan muka ɗauki 15, sai 14 daga cikinsu sun sami kariya kafin cutar ta daina bunƙasa, kuma daga nan ne maganar yi wa kashi 95 cikin 100 na yara allura ta samo tushe. Shekaru na yi ina faɗa wa iyaye mata wannan adadi ban san mafarinsa ba.

Haka zazzaɓin cizon sauro yake. A 1911 wani likita ɗan Birtaniya, Ronald Ross, ya nuna da lissafi cewa ba sai an kashe sauro duka ba, idan yawansa ya sauka ƙasa da wani mizani cutar za ta ja baya. A Garki ma, cikin Najeriya tsallaken iyakarmu ta kudu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada irin wannan lissafi a ƙauyukan Hausawa cikin shekarun 1970.

Saboda haka, ƙannena, ku ba darasin ninki da na yiwuwar aukuwar abu lokacin da kuke ba hadda. Duk abin da kuke ƙirgawa mako-mako, marasa lafiya ne, ko awakin gida, ko tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi, ku zana shi a takarda, ku raba adadin wannan mako da na makon jiya, ku ga ko ƙaruwa yake yi ko ninkuwa.