Manteca ba man shanu ba ne

Ranar Lahadi na ajiye aiki a gidan tako ɗin nan, wato shagon abincin ƴan Meziko, na unguwar Ocean Beach da ke San Diyego a Amurka, bayan shekara ɗaya da wata bakwai. Na wanke rigar aiki na ninke na ɗora kan firij ɗin baya, na yi sallama da ƴan kicin, manaja kuwa hannu kawai na ɗaga masa daga nesa, shi ma bai ɗago kai daga waya ba. Ƙanina da ke shirin tahowa San Diyego ya ce in rubuta masa abin da na koya, to ga shi, amma gaskiya abu ɗaya ne ya fi tsaya min a rai, sauran duk ƙanana ne.

Wanda ya san unguwar ya san irin shagon. Tebur tara, kanta ɗaya, mutane na shigowa daga bakin ruwa da yashi a ƙafa da allon wasan igiyar ruwa a hammata, kare ɗaure a ƙofa, duk bayan ƴan mintuna jirgi ya taso daga filin jirgin sama ya wuce ta saman kanmu sai kowa ya yi shiru da maganarsa har ya wuce. A Nuwamban 2023 na fara, kuma wallahi satin farko ji na yi kamar na dawo gida. Abin da suke kira jamaica zoɓo ne tsaf, tamarindo tsamiya ce, horchata kuma kamar kunun shinkafa mai sanyi da ɗan kirfa. Ƙullun masarar da ake yin tortilla da shi, wato faifan burodin da ake naɗe tako a ciki, shi ma sunansa masa, na yi dariya ranar da na ji, na ce wa dattijuwar da ke riƙe da kicin a garinmu ma akwai masa, ta ce to ashe mu ƴan uwa ne. Doña kowa ke ce mata. Daga Tijuwana ta ƙasar Meziko take tahowa kullum, ta tsallako boda a San Ysidro tun duhun asuba ta hau jirgin ƙasan cikin gari sannan bas, kuma ban taɓa ganin ta makara ba.

Wannan jin na gida shi ya cuce ni. Na san carnitas alade ne, na san al pastor ɗin da ke juyawa a tsinke kamar shawarma shi ma alade ne, duk da cewa a wajen ƴan Labanon da suka yi ƙaura zuwa Meziko aka samo salon. Na san ƙullun da ake tsoma kifi a ciki kafin a soya da giya ake kwaɓa shi. Duk waɗannan na kiyaye, har ina ganin kaina malami. Abincina kullum shinkafa da wake, wanda ake dafawa a dagargaza a soya, frijoles refritos. A satin farko na tambayi Doña me take sa wa waken nan yake daɗi haka, ta ce manteca. Ni kuma a ƴar manhajar koyon Sifaniyanci da ke wayata na riga na haddace mantequilla, man shanu. Sai kwanyata ta ce ai manteca gajarta shi aka yi, kamar yadda ake ce wa Abdullahi Audu. Ban sake tambaya ba. Bokitin ma fari ne babu hoton komai, da alƙalamin maka aka rubuta sunan a jiki, don kitsen da ya fita daga carnitas take tacewa ta tara.

Wata biyar ina ci. Azumin 2024 gaba ɗayansa da shi na sha ruwa, dabino uku, kofin zoɓo, sai faranti na wake a tsaye bayan kicin kusa da kwandon shara.

Ƙaramar salla ta faɗo Laraba, 10 ga Afrilu. Tun sati biyu kafin nan na roƙi manaja hutun ranar ya ce a'a, Laraba ranar kasuwar manoma ce a titin Newport, shago cika yake. Na je idi da safe na wuce aiki da kayan salla a jaka. Wajen ƙarfe biyu wani dattijo ɗan Somaliya ya shigo da iyalinsa, su bakwai, da ganinsu daga unguwar City Heights suka kawo yara ganin teku. Farin ciki ya kama ni, ni na fara yi musu sallama da barka da salla. Dattijon ya riƙe hannuna ya ce alhamdulillahi ga ɗanmu a nan, faɗa mana abin da za mu iya ci. Na ce Baba ka bar min komai. Na hana su soyayyen kifi na ce a gasa musu, na sa aka goge farantin gashi, na ce tortillar masara za a ba su, sannan da bakina na ce wake kam ku ci hankali kwance, man shanu ne, ni ma shi nake ci kullum.

Sun ci kusan rabi sai babbar ƴarsu, yarinya ce da ba ta wuce sha shida ba kuma a nan aka haife ta, ta taso karɓar ƙarin yaji. Ta leƙa ta tagar kicin ta yi wa Doña tambaya da Sifaniyancinta na makaranta. Ina tsaye a kanta na ji amsar, sí mija, de puerco. Puerco kam na san shi, alade ne.

Dattijon bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Cokali ya ajiye, ya janye farantin daga gaban ƙaramin yaron da ke ta lasar yatsa, ya kira ni da hannu. Ya ce ɗana, da wancan Baturen na tambaya ya ce bai sani ba, da ba mu ci ba, kai ka yi mana sallama shi ya sa ban ƙara tambaya ba. Matarsa ta kwashi yara zuwa banɗaki wanke baki. Na ce Baba wallahi ban sani ba, ni ma da shi na yi azumi. Ya kalle ni ya daɗe, ya ce to Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya ma nemi ya biya kuɗin.

Na shiga banɗakin ma'aikata na yi ta kakarin amai babu abin da ya fito. Doña ta biyo ni tana kuka tana cewa mijo, wato ɗana, ai na faɗa maka, na faɗa maka tun farko. Kuma gaskiyarta, ta faɗa min. Washegari da kanta ta ware min ƴar tukunya ta waken da ba a soya ba, de la olla, ruwa da gishiri da albasa kawai, kuma har na bar wajen ba ta fasa ba ko rana ɗaya. Liman ɗin da na samu bayan Juma'a ya ce babu zunubi a kan wanda bai sani ba. Na yarda, amma har yau in na ji ƙamshin soyayyen wake sai zuciyata ta tashi.

Laifina na ɗauka, ban taɓa musu ba. Abin da ban haɗiye ba shi ne na manaja. Ya mayar wa mutanen kuɗinsu yana ta murmushi, da aka tashi rabon tukuicin dare sai ya cire kuɗin teburin nan duka daga kasona, a gaban kowa, har da cewa ashe Musulmin namu ya fi kowa son alade. Wasu suka yi dariya don dole. Sannan ya ɗauke ni daga kanta ya mayar da ni wankin kwanuka wata biyu, inda kason tukuici bai kai rabin na gaba ba. Alhali takardar abincin shagon babu inda aka rubuta akwai man alade a wake, kuma da kunnena na sha jin shi yana ce wa masu gudun nama, waɗanda suka cika unguwar nan, wake ba komai a ciki. Shi ya san ma'anar manteca sarai, da harshen ya tashi. Bayan sati ɗaya sai ga takarda an manna a kanta cewa wakenmu da man alade ake yi, da mai shago ya zo manaja ya ce masa shi ya yi tunanin. Ni na ba shi shawarar a daren da abin ya faru, hannuna cikin ruwan kumfa.

Sai daga baya wani yaro mai karatun lauya da ke zuwa cin tako duk Talata ya nuna min cewa a dokar ƙwadago ta Kaliforniya, sashe na 351, tukuici na ma'aikaci ne, mai shago ko manaja ba shi da ikon taɓa shi ko cire wani abu daga ciki. Ban kai ƙara ba. Haya na jirana, kuma a lokacin kunya ta hana ni ganin cewa kuskurena daban, zaluncinsa daban. Ƙanina, in an yi maka irin wannan ka rubuta rana da adadin kuɗin a wayarka tun a daren, ko ba za ka yi komai da shi ba. Ni ban rubuta ba, yanzu ko adadin ba na iya rantsuwa a kai.

Sauran a gurguje. Kalmar da ka ji a kicin ka sa a nuna maka abin da idonka, kar ka fassara da ka. Tortillar fulawa ma ka tambaya, wasu da manteca suke murza ta, shinkafa kuma da romon kaza ake dafawa. Mafi ƙarancin albashi a cikin birnin dala 16.85 ne a awa a 2024, ya koma 17.25 a 2025, tukuici a kai yake hawa ba a cikinsa ba, ka riƙa duba takardar biyanka. Cinco de Mayo, bikin 5 ga Mayu, ba ranar ƴancin Meziko ba ce, tunawa ce da yaƙin Puebla na 1862 da suka kori sojan Faransa, ƴanci 16 ga Satumba ne, kar ka yi wa ƴan kicin barka da ƴanci su yi maka dariya kamar yadda suka yi min. Mayu da Yuni ka zo da rigar sanyi, hazo ke rufe bakin tekun har azahar. Kuma kar ka taɓa shafa ido bayan yanka barkonon habanero.

Da na koma kanta, duk wanda ya tambaye ni me ke cikin abinci, Musulmi ne ko Bayahude ko mai gudun nama ko mai cutar da jatan lande ke tayarwa, sai in ce jira, in shiga in ɗauko bokitin ko kwalin in karanta a gabansa. Manaja ya sha cewa ina tsayar da layi. Ƴan Somaliya da Larabawa kuwa suka fara turo junansu, su shigo su ce ina baƙin yaron nan mai karanta kwali. Dattijon dai bai sake dawowa ba. Sau biyu ina zuwa City Heights sayen naman halal ina duba fuskokin tsofaffi a ƙofar masallaci, ban gan shi ba.

Ranar Lahadin Doña ta ƙulla min waken tukunya a roba da tortillar masara dozin biyu, ta ɗauki makar nan tata ta rubuta a murfin da manyan baƙaƙe, sin manteca, wato babu man alade.