Direba a gidan yari, uban tafiya yana sha'aninsa

Wallahi ba na tausayin masu fasa-ƙwaurin mutane ko kaɗan. A Yunin 2022 baƙin haure 53 suka rasu a bayan wata tirela a birnin San Antonio na jihar Texas a Amurka, an kulle su cikin tsananin zafi ba ruwa ba iska, duk wanda ke da hannu a wannan ya cancanci hukunci mai tsanani. Amma fa dokokin da jihohin Amurka ke ta kafawa da sunan yaƙi da abin suna damuna matuƙa.

Ku duba Texas. A 2023 gwamna Greg Abbott ya sa hannu a dokar da ta ce wanda aka samu da laifin nan galibi mafi ƙarancin ɗaurinsa shekara 10 ne, an ɗaure wa alƙali hannu ke nan. To wa ake kamawa? Galibi direbobi, da yawansu ma 'yan Amurka ne, matasa da aka yaudara a TikTok ko Snapchat aka ce je ka wuri kaza ka ɗauko mutane ga kuɗinka, yaro ya ga banza ta faɗi ya ɗauki mota ya tafi, a hanya 'yan sanda su tare shi, shi ke nan ƙuruciyarsa ta ƙare a gidan yari. Shi kuwa wanda ya turo saƙon yana can tsallaken iyakar Mexico, gobe ya samu wani yaron.

Dokar jihar Florida ma ta 2023 ce, ɗauko wanda ya shiga ƙasar ta ɓarauniyar hanya ka tsallako da shi cikin jihar na iya ja maka ɗaurin shekara 5, har sai da wani alƙalin tarayya ya dakatar da wannan sashe a 2024.

Kuma an taɓa gwada wannan hanyar. Arizona ta yi tata dokar tun 2005, a gundumar Maricopa har su baƙin hauren aka riƙa tuhuma wai sun haɗa baki wajen fasa-ƙwaurin kansu! Mutumin da ya sayar da komai nasa, ya ratso hamada a ƙafa, shi ne kuma ya zama mai laifin. A 2014 kotun tarayya ta soke dokar, ta ce hurumin gwamnatin tarayya ne.

Ni dai a ganina a bar wa alƙali damar bambance ɗan aike da uban tafiya, sannan a bi sawun kuɗin har a kai ga masu karɓarsa.