Fiffike bakwai da fiffike takwas: kuskuren da na yi a kan turbo na hannu

Har yau in na tuna raina sai ya ɓaci, domin abin da ya cinye min kuɗi da mako biyu na aiki, ƙirga ne daga ɗaya zuwa takwas.

Motata injin Cummins gare ta, samfurin 6BT mai lita 5.9. Turbonta, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa tana matsa iska cikin inji, ya fara shan baƙin mai yana kuka, na samo wani na hannu. Ɗan farantin nan da Holset, kamfanin da ke ƙera turbon, ke mannawa a jikin katantanwar iska, wato kwanson da fankar iska ke juyawa a ciki, mai ɗauke da lambar haɗi da siriyal, ya faɗi, sai ramukan ribit biyu kawai. Mai sayarwa ya ce samfurin HX35 ne. Na duba fuskar da ke zama a kan manifol, wato bututun da ke kwaso hayaƙi daga inji, girman da ake kira T3 ce mai rami biyu, ga bawul ɗin rage iska a gefe, komai ya yi daidai. Sai dai shaf ɗinsa, wato sandar da fankokin ke kai, yana motsi gaba da baya, wanda kowa ya san bai kamata ba, don haka na yanke shawarar sauya cikin gaba ɗaya, wato katirij.

A nan na yi wauta. Na kwafi lambar da ke jikin ƙarfen katantanwa na ba mai kaya. Wannan lambar zubin ƙarfe ce, ba ta faɗin wace fanka ce a ciki, kuma kwanso ɗaya ana iya fafe shi don fanka daban-daban. HX35 kuwa ba guda ɗaya ba ne. Akwai mai fiffike takwas, akwai mai bakwai, faɗinsu ba ɗaya ba. Nawa mai takwas ne, aka kawo min mai bakwai, ni kuwa ban ƙirga ba.

Abin haushin, ya shiga. Notuna sun ɗauru, fanka tana juyawa ba ta taɓa komai. Da ya ƙi shiga ma da na huta. Na tayar da mota, a tsaye lafiya lau. Da na ɗora kaya na kama hawa sai baƙin hayaƙi, mota ta mutu a ƙafa. Na zargi nozul mai fesa gas cikin inji, na zargi famfon gas, na kwance tiyo ɗaya bayan ɗaya ina neman inda iska ke zurarewa. Ashe tazarar da ke tsakanin fanka da kwanso ce ta yi yawa, iskar da aka matsa tana komawa baya.

Wani dattijon bakanike ne ya leƙa bakin turbon da tocila, ya ce, "Yaro, ina tsohon cikin?" Na kawo. Ya ajiye su gefe da gefe, ya ƙirga da yatsa, bai ce komai ba.

Yanzu ba na sayen komai sai na kwance. Ina ƙirga fiffiken ɓangaren iska da na hayaƙi, in auna bakin fanka da gindinta da ma'aunin kaliba, in duba girman katantanwar hayaƙi, ko mai lamba 12 ce ko 14. Ko farantin yana nan, ba na sakin jiki, don wani yana iya sauya kwanson kafin ya zo hannuna. Kuma tsohon katirij yana hannuna lokacin da nake karɓar sabo.

Da na sa wanda ya dace na sauya har da bututun da ke kai mai, domin tsohon ya cika da ƙonannen mai, mai yiwuwa shi ya kashe turbona na farko. Na zuba mai a ramin kafin in tayar. A hawan nan da ta kunyata ni, giya ɗaya kawai na sauke.