Abin da ofishin kati ya koya min kafin in ajiye aiki

Ƙarshen watan nan zan miƙa makulli in tafi, kuma tunda yaran da aka kawo mana kwanan nan sai tambayata suke me zan bar musu, bari in rubuta kowa ya gani har da wanda ba zai ji daɗi ba.

Kun san yadda ake kallonmu a asibitocin Gombe, masu yankan kati, shikenan. Ba wanda ya damu cewa lambar ICD-10 da muke sawa a fom, wato lambar da ke nuna irin ciwon da mutum ke da shi, ita HMO, kamfanonin inshorar lafiya masu biyan kuɗin magani, ke dubawa kafin su yarda a shiga da mutum tiyata ko su hana.

Wani bawan Allah ma'aikacin gwamnati daga wajen Kumo ya faɗi a mashin, gwiwarsa ta daki kwalta. Likitan dare ya rubuta buguwa a gwiwa kawai don lokacin hoto bai fito ba, da safe hoto ya fito ƙoƙon gwiwa ya rabe biyu, ga tazara a tsakani, mutumin ko ɗaga ƙafar a miƙe ba ya iyawa. Duk wanda ya daɗe yana karanta fayil ɗin likitocin ƙashi ya san abin da hakan ke nufi. In ƙoƙon ya tsage amma bai goce ba kuma mutum na iya ɗaga ƙafarsa a miƙe, filasta ake sawa daga cinya zuwa saman idon sawu, wajen sati 6, sai a tura shi gashi. Amma in tazarar ta wuce milimita 2 zuwa 3, ko ƙafa ta ƙi ɗaguwa, toh naman cinya ya daina jan ƙwauri ke nan, dole a buɗe a haɗa ɓangarorin da ƙarafa biyu a ɗaure da waya. Abin da likitan ƙashi ya rubuta ke nan, ni kuma na sa S82.0, karayar ƙoƙon gwiwa.

Ashe oga ya riga ya tura fom ɗin tun sassafe da S80.0, wato buguwa, daga rubutun likitan dare ya kwafa ko rahoton hoto bai jira ba. Na same shi da fayil ɗin na ce ranka ya daɗe a janye wannan a gyara, mutumin nan tiyata zai shiga. Ko ɗago kai bai yi ba ya ce min Malam ka bar shi haka, ai duk gwiwa ce. Dalilinsa na sani, yana alfahari a gaban manya cewa ofishinsa ba a dawo masa da fom, janyewa kuma sai an rubuta wanda ya yi kuskuren.

HMO suka ƙi ba da lambar izini, kuma wallahi ban ga laifinsu ba, wa zai biya kuɗin tiyata a kan buguwa? Aka yi ta kai da kawo, 'yan uwansa suna sintiri tsakanin ofishinmu da ɗakin majinyata, kuɗin biya daga aljihu babu, ƙarshe suka gaji suka ɗauke shi sai wajen maɗori. Ni ba na raina ɗori, akwai karayar da yake yi wa amfani, amma ƙoƙon da naman cinya ke janye rabinsa sama ba kara da tsumma ne za su haɗa shi ba. Bayan watanni ya dawo da sanda, gwiwa ba ta miƙewa sosai kuma ba ta lanƙwasuwa, ɗansa ya ce min a kan kujera Baba yake sallah yanzu.

Da maganar ta kai sama aka kira taro, oga ya miƙe a gaban kowa ya ce yaron da ke sa lamba ne bai lura ba. Ni aka ba takardar tuhuma. Na kawo littafina da kwanan wata da S82.0 da sa hannuna, aka duba aka ce toh a yi haƙuri a bar maganar, amma takardar ba a cire ta daga fayil ɗina ba har yau, shi kuma aka ƙara masa girma a shekarar. Na yi haƙurin, muna gaisawa, amma kar wani ya ce min na manta.

Saboda haka ku da kuka rage, kar ku sa lamba daga rubutun farko, ku jira rahoton hoto da abin da likitan ƙashi ya ce. Ku bambance S82.0 da S83.0, ɗaya karaya ce ɗaya gocewar ƙoƙo. Ku duba ko akwai rauni a buɗe a kan karayar don wannan ba ya jira, kuma ku rubuta dama ce ko hagu. In majinyaci ya dawo cire waya Z47.0 ne, ba sabuwar karaya ba, kar ku sake sa masa S82.0.

In babba ya ce ku bar lamba yadda take alhali kun ga ba daidai ba ce, ku ce ranka ya daɗe dan Allah a sa min hannu a nan. In ya ƙi, ku ɗauki fayil ɗin ku kai wa likitan da ya rubuta tiyatar a ranar, shi yana da bakin da zai kira HMO kai tsaye, mu ba mu da shi.