Di-daima ta ce lafiya lau, hannun hagu ya ce ƙarya ne

Tunda aka kawo mana ƴar na'urar di-daima, gwajin da ke nuna alamar daskarewar jini a jiki, a emajensi kowa ya ɗauka an gama da matsalar tsagewar awota, wato babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya. Ɗan jini kaɗan, kafin ka gama rubuta fayil sakamako ya fito, in bai kai 500 ba sai ka ji ana cewa a sallame shi olsa ce. Ni ma na yi murna da zuwanta, don kuɗin siti-sikan, hoton cikin jiki da ke nuna tsagewar, ba kowa ke iya biya ba a garin nan.

Abin da ke ƙona min rai har yau wani bawan Allah ne ɗan kasuwar Kwari, ya haura hamsin, mai hawan jini da ya ajiye magani wai ya samu sauƙi. Ciwo ya soke shi a ƙirji lokaci guda yana alwala, ya ratsa har tsakanin kafaɗunsa, yana ta gumi kamar an watsa masa ruwa. Isiji, awon lantarkin zuciya, babu komai, tiroponin, gwajin jinin da ke nuna rauni a zuciya, babu komai, di-daima ƙasa da 500. Abokin aikina har ya fara rubuta maganin olsa. Ni kuma na saba awon jini hannu biyu, na dama 190, na hagu 150. Tazarar da ta wuce 20 ai ba wasa ba ce.

Nan fa rigima ta tashi. Babban ɗansa ya ce "Likita, ba yanzu aka ce jinin Baba lafiya lau ba? Kuɗi kawai kuke so mu kashe." Wallahi maganar ta min ciwo amma na haɗiye. Na ce Alhaji, gwajin nan ba irin su Baba aka yi wa shi ba.

Kuma haka ne. Binciken ADvISED na 2018 da kowa ke kafa hujja da shi cewa ya yi in makin ADD-RS, wanda ake ba mara lafiya bisa alamun haɗarin tsagewar awota, bai wuce 1 ba KUMA di-daima ba ta kai 500 ba, to kusan mutum 3 cikin 1000 ne za su kuɓuce. Sharaɗi biyu ne, mutanenmu sun riƙe ɗaya sun watsar da ɗaya. Baba yana da maki 2, ciwon farat ɗaya da bambancin hannu, irinsa kai tsaye ake kai shi sikan, bai ma kamata a ɗebi jinin ba tun farko.

Da ƙyar suka haɗa kuɗin. Hoton ya nuna jini ya taru ya daskare cikin bangon jijiyar tun daga reshen da ke kai jini hannun hagu ya gangara ƙasa, kuma irin wannan shi ne daidai wanda di-daima ta fi kasa kamawa. Allah ya taimaka nau'in B ne, ba A mai kama ɓangaren da ke daf da zuciya ba, muka sa labetalol, maganin hawan jini, muka sauko da bugun zuciya wajen 60, jini tsakanin 100 da 120.

Ita na'urar a Kano ta ɗaya gefen ma, wato in sakamako ya hau, ba ta da tabbas, maleriya na ɗaga ta, sikila na ɗaga ta, mai ciki ma haka, da damina kusan duk wanda ka gwada sai ta hau. Yanzu nos ta san ba na karɓar takardar di-daima sai da awon hannu biyu a rubuce a kanta. Ɗan nasa kuwa har aka sallame su bai ƙara haɗa ido da ni ba.