Abin da saniya ta ci shi ke fitowa a curin mai

Ina da shanun tatsa bakwai a gefen garin Tawa, biyar Azawak, biyu kuma ruwa biyu ne da jajayen shanun Bororo. Nonon da suke bayarwa wani muna sayar da shi kindirmo, sauran a kaɗa a fid da mai. Wani man yana fita ɗanye a curi, wani a soya a zuba a kwalba. Mai sayen man shanu abu uku yake dubawa kafin ya kwance bakin zane: launi, ƙamshi, da yadda man yake idan ya murza a ɗan yatsa. Na daɗe ina ɗora laifin kowane canji a kan ƙwarya ko hannun mai kaɗi. Sai da na sayi ƙaramin sikeli da littafi, na riƙa rubuta abin da aka zuba a komi kowace rana, gefe guda kuma yadda man ya fito, sannan na ga yawancin canjin daga komi yake tasowa.

A wurina litar 20 zuwa 22 na nono ke ba da kilo ɗaya na ɗanyen mai. Idan aka soya kilon nan, ruwa ya ƙone, gari ya kwanta a gindin tukunya, abin da ke shiga kwalba bai cika wuce giram 800 ba. Duk ranar da na ga sai na kaɗa litar 26 ko 27 kafin kilo ya cika, na san akwai abin da ya karkace a ciyarwa ko a tatsa, kuma littafin ne ke nuna mini wanne.

Launi shi ne abin da ya fi jawo mana zargi. Daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da shanu ke kan ɗanyen haki, man yana fitowa ruwan ɗorawa, mai taushi, da ƙamshin da kowa ke nema. Wannan launin daga wani sinadari ne da ke cikin ɗanyen ganye, ana ce masa karotin, shi ne kuma jiki ke mayarwa bitamin A. Rana tana kashe shi. Ciyawar da ta bushe a tsaye a daji, da karan hatsi da ya kwana watanni a kan rumfa, kusan babu shi a cikinsu. Dusa da angurya ma ba su da shi. Shi ya sa daga tsakiyar ɗari man ke fara kodewa, kafin watan Maris ya zama fari fat. A lokacin ne za ki ji wata ta ɗaga faifai ta ce: "Hajiya, man naki ya yi fari, ko an sa na akuya?" Tambayar tana da tushe, don man akuya fari ne ko da damina, tun da akuya ba ta barin karotin ya wuce cikin nononta.

Akwai masu gyara wannan da ɗigon manja ko garin kurkum, wasu ma su haɗa da margarin na gwangwani. Ban yarda da shi ba, kuma ba ya ɓoyuwa. Matar da ta saba soya man shanu ta san kumfarsa, ta san ƙamshin da ke tashi idan ruwan ya ƙare, ta san yadda yake yin tsaki-tsaki idan ya huce. Ranar da ta gane an yi mata haɗi ba za ta zo ta yi faɗa ba, ƙafa kawai za ta ɗauke, ta kuma gaya wa maƙwabta. Abin da nake yi shi ne in faɗi gaskiya tun kafin a tambaya: wannan man rani ne, fari ne don shanu na kan kara da harawa, launi zai dawo idan haki ya fito. Wadda ta yi shakka sai in ce ta zo turke da la'asar ta ga abin da ke cikin komi, gani ya kori ji.

Ana iya riƙe ɗan launi a rani ta hanyar halal. Harawar da aka yanke da sauran kore, aka shanya a inuwa, aka adana a ɗaki, ta fi wadda rana ta toya nesa ba kusa ba. Idan kika buɗe dami kika ga cikinsa kore ne, to akwai abin da ya saura. Idan kuma ana samun ɗanyen ganye daga masu lambu, kamar ganyen dankalin Hausa ko zogale, kilo 3 zuwa 4 ga kowace saniya a rana yana dawo da ɗan rawaya cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ba zai kai na Agusta ba, amma ido zai gani.

Sai dai lambu yana da nasa tarkon, kuma mu mutanen jihar Tawa ya fi shafa. Daga Galmi zuwa Madawa da Tabalak albasa ce ko'ina, lokacin cire ta lawashi yakan yi arha, shanu kuma suna cin sa da marmari ga shi ɗanye a tsakiyar rani. Na gwada. Warin yana shiga nono cikin ƴan sa'o'i, kuma maiƙo ne ke kama shi, saboda haka abin da ba a ji sosai a madara ba sai ya taru a curi. Kada a ce ai da albasa ake soya man shanu. Ƙamshin albasar da aka yanka cikin tukunya daban, warin da ya biyo ta cikin saniya daban. Na biyun yana da wani hamami da ke maƙalewa a maƙogwaro, suya ba ta fid da shi duka. Ganyen kabeji ma haka yake yi. Yanzu lawashi na shanun da ba a tatsa ne da bijimai. Duk wani abinci mai ƙarfin wari, idan dole ne, ana ba da shi nan take bayan an gama tatsa, kada ya zama cikin sa'o'i huɗu kafin tatsa ta gaba. Saniyar da ake saki tana kiwo a juji cikin gari kuwa, ban da ledar da take haɗiya, nononta ba na mai ba ne sam.

Ga abin da nake ba saniya mai ba da litar 4 zuwa 6 a rana, daga ɗari har faɗuwar ruwa: karan hatsi ko na dawa da aka daddatsa, ko busasshiyar ciyawa, kilo 5, harawa kilo 1 da rabi zuwa 2, dusar alkama kilo 1 da rabi, tunkuzar angurya, wato abin da ya saura bayan an matse mai, kilo 1, ƴaƴan gawo da aka daka rabin kilo idan akwai. Dutsen lasa yana rataye kullum, kanwa kaɗan a ruwa sau ɗaya a mako. Dusa da tunkuza ana raba su biyu, safe da yamma, kuma kara ke fara shiga ciki kafin su. Da tiya muke awo kamar kowa, amma na auna tiyata a sikeli, don tiyar dusa ba ta kai rabin nauyin tiyar hatsi ba, kuma da yawa suna zaton sun ba da kilo biyu alhali ɗaya suka bayar.

Kuskuren da ya fi cin riba shi ne yawan dusa. Idan nono ya ja baya, hannu yakan tafi kan buhun dusa, kuma gaskiya nonon yana ƙaruwa a ƙwarya. Amma maiƙon nono yawancinsa daga abinci mai tauri yake samuwa, wanda saniya ke kwanciya ta yi ta tuƙa. Idan dusa ta yi yawa, kara ya yi kaɗan, tumbin yana tsami, tuƙa ta ragu, kashi ya yi ruwa-ruwa da kumfa, nonon ya tsinke. Lokacin da na kai dusa kilo 3 na rage kara, litar ta ƙaru, curi ya ƙanƙance, kuɗin dusa kuma ya tafi a banza. Alamar da nake bi ita ce in leƙa turke da tsakar rana: idan shanun da ke kwance fiye da rabinsu suna tuƙa, ciki lafiya yake.

Angurya ita ce ke juya jikin man. Tana ƙara maiƙo, amma tana sa shi tauri da fari, ya daɗe bai narke ba. A bazara, Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Tawa ke haura digiri 40, wannan taurin alheri ne, don curi yana isa gidan mai saye da siffarsa. A ɗari kuwa sai ya koma matsala: man ya ƙi haɗuwa a gora, ya riƙa farfashewa kamar kitse, ya bar dasashi a baki, har wata ta taɓa tambayata ko kitsen rago na narka a ciki. Saboda haka daga Disamba zuwa Fabrairu ina saukar da tunkuzar angurya zuwa rabin kilo, in cike da harawa. Ban taɓa wuce kilo 1 da rabi ba ko a bazara, kuma ƙananan maruƙa ba sa kusantar ta, don akwai guba a angurya da cikinsu bai iya da ita ba tukuna.

Tunkuzar gyaɗa tana yin akasin haka, man ya yi laushi. Tana da kyau, amma a nan ne nake tsananta bincike. Gyaɗa da masara idan suka sha ruma suna yin funfuna mai haifar da gubar aflatoksin. Saniya ta ci, wani kaso ya fito a nono, tafasa ko suya ba sa kashe ta, kuma tana lahanta hanta. Mafi yawanta ba a man take zama ba, a tsalar da ta rage bayan kaɗi take, wadda ake dama fura da ita a ba yara. Wannan ya sa ba na sayen buhu sai an kwance an zura hannu har tsakiya. Idan akwai ɗumi a ciki, ko ya dunƙule, ko ga kore-kore da baƙi-baƙi, ko wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, na bar shi komai sauƙin kuɗinsa, araha ba ta ado. A gida buhuna suna kan katako, ba sa taɓa ƙasa ko bango, kuma da damina ba na ajiye abin da ya wuce na mako uku.

Kowane sabon abinci a hankali yake shiga, cikin kwana 7 zuwa 10, ana ƙara kaɗan ana rage tsohon. Farkon damina ya fi bukatar wannan. Sabon haki ruwa ne zalla, shanu suna rububinsa, sai zawo, nono ya yi yawa ba maiƙo, man da ya fito kuma ya yi lallausan da ba ya curuwa. Makonni biyun farko ina ba su kara ko busasshiyar ciyawa da safe kafin su fita. Don haka ne nake ɓoye ɗan kara tun Mayu, komai matsin da ake ciki.

Ruwa ma abinci ne. Saniyar tatsa a bazara tana shan litar 50 ko fiye, sau uku nake ba su, a komin da ake wankewa. Ruwan da ya yi gansakuka ko wanda aka ɗebo a bidon da ya taɓa ɗaukar mai na mota, duk nono yana ɗauka.

Akwai abu biyu da ba ciyarwa ba ne, amma suna iya ɓata duk wahalar da aka sha a komi. Na farko tatsa. Shanunmu ba sa sakin nono sai maraƙi ya taɓa, kuma nonon farko tsinkakke ne, maiƙon yana ƙarshe. Idan aka tatsi rabi a duk nonuwa huɗu aka saki maraƙi, shi ya shanye man. Mu muna barinsa ya ja kaɗan, a tatse uku tas, a bar masa ɗaya cikakke. Na biyu allura. Saniyar da likitan dabbobi ya yi wa maganin kashe ƙwayoyin cuta, nononta ba ya shiga ƙwaryar kowa sai kwanakin da aka rubuta a kwalbar maganin sun cika. Ko kaɗan ya shiga, kindirmo ba zai kwanta daidai ba, kuma ba hakki ba ne a shayar da mutane magani ba su sani ba.

Wajen kaɗi, a bazara kafin fitowar rana muke yi, ana zuba ruwan randa mai sanyi idan man ya fara tsattsafowa. A ɗari kuwa a ɗauraye gorar da ruwan ɗumi tukuna. Ana wanke curi da ruwa mai tsabta sau uku ko huɗu har ruwan ya fito garau, don ragowar nono ce ke sa shi tsami da wuri. Wanda za a soya, wuta kaɗan, har kumfa ta kwanta garin ƙasa ya yi ja-ja, a tace cikin busasshiyar kwalba, a ajiye inda rana ba ta kaiwa. Kashi ɗaya nake soyawa babu albasa, don mai saye ya shinshina man da kansa, ba abin da ya rufe shi.

A kowace kwalba ina manna ƴar takarda da ranar suya da kalma ɗaya, damina ko rani. Na damina ya fi tsada, kuma ina soya mai yawa a Agusta da Satumba in adana, don akwai masu jego da masu biki da ke nemansa a tsakiyar rani. Daga kowace tukunya kuma ina rage cokali biyu a ƙaramar kwalba da kwanan wata a jiki. Idan wata ta dawo ta ce man ya yi wari, sai mu buɗe nawa tare mu shinshina, in duba littafi in ga abin da shanu suka ci a makon. Idan daga wurina ne in canja mata ko in mayar da kuɗinta, in kuma fid da buhun da ya jawo daga ɗakin ajiya.